Fada ta faɗi, barga ta tsaya: tarihin gidan dawakin Chantilly

Baƙon da ya nufi garin Chantilly, tafiyar kimanin kilomita 40 arewa da birnin Faris, da wuya ya kuɓuta daga wani kuskure da dubbai suka yi kafinsa. Da zarar ya ɓullo daga cikin kurmi ya hango wani dogon gini na farin dutse kwance a bakin fili, da ƙubba a tsakiyarsa da manyan tagogi jere reras, sai ya ɗauka ya iso fadar da ya zo gani. Sai ya matso kusa, ya ɗaga kai ya ga siffofin dawaki da aka sassaƙa a saman ƙofa, hancinsa kuma ya jiyo ƙamshin ingirici da warin taki, sa'an nan zai gane ashe barga ce. Ita fadar tana can gaba kaɗan, ruwa ya kewaye ta, kuma babban sashenta yaro ne a gaban bargar, domin ta girme shi da kusan shekara 150. Fadar asali, wadda aka yi bargar don hidimarta, an rushe ta tun 1799, an sayar da duwatsunta. Gidan mutane ya tafi, gidan dabbobi ya saura. Yadda aka yi haka ta faru labari ne na girman kai, da dukiyar da aka samu a sama, da kuma wani ilimin gini wanda bukatun doki suka tilasta wa magina.

Doki da sarauta

A ƙasar Faransa ta da, kamar a ƙasar Hausa, ba a raba doki da mulki. Harsunan biyu duk sun ajiye shaidar haka a cikin sunayen sarautu. Babban kwamandan rundunar sarkin Faransa ana kiransa connétable, kalmar da ta samo asali daga Latinanci, ma'anarta ta farko kuwa shugaban barga. Haka nan maréchal, wanda ya zama muƙami mafi girma a aikin soja, asalinsa bara ne mai kula da doki. Wanda ya san matsayin Madawaki da Ubandawaki da Shamaki a fadojin Hausa ba zai yi mamaki ba: wanda aka amince wa da dawakin sarki, an amince masa da ƙarfin sarki.

Chantilly kanta gidan wani connétable ce. Anne de Montmorency, wanda aka haifa a nan a 1493 kuma aka naɗa shi wannan sarauta a 1538, shi ya sa aka gina ƙaramar fadar da har yanzu take tsaye a bakin ruwa. A 1632 aka fille kan jikansa saboda tawaye, daga bisani, a 1643, gidan da dazuzzukansa suka koma hannun zuriyar Condé, reshe na gidan sarautar Bourbon, ta hanyar aure. Mashahurin jarumin nan da ake kira Babban Condé, wanda ya rasu a 1686, shi ya kira André Le Nôtre ya tsara masa lambuna da magudanan ruwa, har gidan ya zama abin kwatance a Turai duka.

A wannan zamani ne Sarki Louis na 14 ya ɗaga darajar barga zuwa inda ba ta taɓa kaiwa ba. Tsakanin 1679 da 1682 maginin sarki, Jules Hardouin-Mansart, ya gina masa tagwayen barguna a gaban fadar Versailles, ɗaya ta dawakin hawa, ɗaya ta dawakin jan karusa. Kafin wannan lokaci barga takan laɓe ne a bayan gida tare da rumbuna da garken shanu. Louis ya fito da ita fili, ya sa duk jakadan da ya zo gaisuwa sai ya ratsa tsakanin gidajen dawakinsa kafin ya kai ƙofar fada. Daga nan kowane babban basarake mai gida a karkara ya fahimci cewa bargarsa ita ce za ta fara yi wa baƙo bayanin ko shi wane ne.

Mai gini da dukiyarsa

Louis-Henri de Bourbon, Yariman Condé na bakwai, ya gaji Chantilly a 1710 yana da shekara 17. Tattaɓa-kunnen Babban Condé ne ta wajen uba, jikan Louis na 14 ne ta wajen uwa. Babu abin da ya fi so kamar farauta, har ma a wajen farauta ya rasa ido ɗaya tun yana saurayi, bai kuwa daina ba. Irin farautar manyan Faransa ta lokacin tana cin dawaki ƙwarai: ana sakin garken karnuka su bi sawun barewa ko aladen daji, mahaya na biye da su suna busa ƙaho, wani lokaci tun hantsi har la'asar, ana ajiye dawakin canji a mararrabar hanyoyin kurmi. Kurmin Chantilly ya zarce hekta 6,000, an ratsa shi da miƙaƙƙun hanyoyi musamman don wannan sha'ani. Mutumin da ke fita irin wannan farauta kusan kullum, da baƙi da fadawa, dawaki goma ko ashirin ba za su ishe shi ba.

Kuɗin ginin kuwa sun zo ne ta wata hanya da ta bar mutane da yawa cikin kuka. Bayan rasuwar Louis na 14 a 1715 baitulmalin Faransa ya nutse cikin bashi. Wani mutumin Sikotilan mai suna John Law ya shawo kan mai riƙon sarauta, Philippe d'Orléans, ya kafa banki mai buga kuɗin takarda, da wani kamfani da aka ba ikon cinikin yankin Louisiana a Amurka. Kamfanin ya haɗiye sauran kamfanonin ƙetare ɗaya bayan ɗaya, har da na Senegal mai fataucin bayi, kuma a 1719 jiragen farko ɗauke da bayi daga gaɓar Afirka suka isa Louisiana. Hannun jarin da aka fara sayarwa a kan livre 500 ya haura har ya kai wajen 10,000 a ƙarshen 1719. A 1720 abin ya ruguje, takardu suka zama tarkace, dubban iyalai suka wayi gari ba su da ko anini. Yariman Condé yana cikin ƴan tsirarun da suka shiga da wuri suka fita da wuri: ya juya ribarsa ta koma zinariya da filaye tun kafin rufin ya faɗo. A shekarar 1719 ɗin nan, lokacin da kasuwar ke tashe, ya ba magini Jean Aubert, wanda ya koyi aiki a hannun Hardouin-Mansart, umurnin tsara masa barga.

Yayin da gini ke tashi, mai ginin ma tashi yake yi. A watan Disamba 1723 mai riƙon sarauta ya rasu, Louis-Henri ya zama babban wazirin Sarki Louis na 15, wanda a lokacin yaro ne ɗan shekara 13. A zamanin wazircinsa ne, a 1724, aka fitar da dokar bayi ta Louisiana da ake kira Code noir, aka kuma fitar da dokar kama mabarata a tsare su. A 1725 ruwan sama ya ɓata amfanin gona, burodi ya yi tsada, talakawa suka yi bore a Faris da wasu birane, shi kuwa a shekarar ya ƙaƙaba sabon haraji na kashi ɗaya cikin hamsin. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. A watan Yuni 1726 sarki ya tuɓe shi, ya umurce shi ya koma Chantilly ya zauna. Shekara 14 da suka rage masa a duniya, mafi yawansu a can ya yi su, tsakanin kurmi da masu sassaƙar dutse. Mutumin da aka raba da mulkin ƙasa ya mayar da dukan ƙarfinsa ga abin da ba mai iya ƙwace masa, aka kammala babban ginin a 1735.

Akwai wani labari da masu yi wa baƙi jagora suke son bayarwa, wai yariman ya yi imani zai sake dawowa duniya a jikin doki, shi ya sa ya tanadar wa kansa masauki da ya dace da darajarsa. Labari ne mai daɗin ji, an ce kuwa dokin mai baki ya fi gudu. Amma ginin da kansa yana ba da dalilai da suka fi wannan sauƙi: yawan dawakin farauta, da gasa da Versailles, da zuciyar basaraken da aka kora daga fada.

Yadda aka tsara ginin

Tsawon bargar mita 186 ne. A tsakiyarta akwai wani babban zaure da aka ɗora wa ƙubba mai tsayin mita 28, daga zauren kuma dogayen ɗakuna biyu suka miƙa, ɗaya gabas ɗaya yamma, kamar fukafukan shaho. An yi ta ne don dawaki 240, rabi a kowane ɓangare, a ɗaure sahu biyu, kawunansu na fuskantar bango inda komin abinci yake, an bar hanya mai faɗi a tsakiya. Wanda ya tsaya a ƙarƙashin ƙubbar zai iya waiwayawa dama da hagu ya ga dawakin duka da kallo biyu. Wannan ya yi wa mai gida daɗi in yana nuna wa baƙi dukiyarsa, ya kuma yi wa shugaban barga amfani, domin babu baran da zai yi lalaci a ɓoye, babu dokin da zai kwanta ciwo ba a lura ba.

Kusan duk abin da ido ke ɗauka ado ne a ginin, in an bincika sai a tarar yana da aikin yi. Doki dabba ce mai manyan huhu da saurin kamuwa da ciwon numfashi. Fitsarinsa in ya kwanta a cikin shimfiɗar ciyawa yana tayar da wani tururi mai yaji da ke cin ido da maƙogwaro, dawaki 120 a ɗaki ɗaya kuma suna fitar da zafi da danshi mai yawa. Saboda haka Aubert ya ɗaga rufin sama ƙwarai, kamar na majami'a, don gurɓatacciyar iska ta sami inda za ta hau. Tagogin manya ne, an kuma ɗaga su sama da kan doki, haske ya shigo ba tare da ya kashe wa dabba ido ba, iska ta ratsa ba tare da ta buge ta a ƙirji ba. Rufin na dutse ne, an lanƙwasa shi kamar yadda maginin Hausa ke ɗaura bakan gizo, ba a yi shi da katako ba, domin babban abokin gabar barga shi ne gobara: busasshiyar ciyawa da fitilar mai ba su zama lafiya wuri ɗaya. Bangon mai kauri yana riƙe ɗumi in sanyi ya sauko, yana riƙe sanyi in zafi ya zo. Doguwar fuskar ginin tana duban kudu, inda rana ke bi a ƙasashen arewa.

Sai batun ruwa da shara, wanda littattafan yabon gini ba su cika tsayawa a kansa ba. Babban doki yana shan abin da ya kai lita 30 a yini, wani lokaci fiye. In aka lissafa da dawaki 240, ana bukatar sama da lita 7,000 kowace rana, ban da na wanka da na wanke daɓe. Shi ya sa aka kawo ruwa har cikin zauren tsakiya, aka yi masa maɓuɓɓuga da kwatarniya ta dutse mai ado. Kowane doki kuma yana zubar da kashi kimanin kilo 20 a yini, watau kusan tan 5 ke nan da sai an kwashe kullum, rani da damina. Masu wannan aiki, masu share daɓe da masu goge jikin doki da masu ɗauko ciyawa da maƙera masu buga takalmin ƙarfe, su ne rundunar da ta riƙe ginin da rai. A benen da ke ƙarƙashin rufi aka yi ɗakunan kwana da wuraren ajiya. Sunan yarima da na magini sun shiga tarihi, su kuwa waɗannan ba wanda ya sassaƙa sunansu a dutse.

A bayan dogon ginin akwai farfajiyoyi: ɗaya ta ajiye karusai, ɗaya ta karnukan farauta, waɗanda yawansu ya kai ɗaruruwa, a tsakaninsu kuma wani kewayayyen fili marar rufi inda ake horar da dawaki. A saman ƙofofi an sassaƙa dawaki kamar za su faso dutse su fito, da barewa da aladen daji da karnuka. A ƙololuwar ƙubba aka kafa mutum-mutumin darma na wata mace mai busa kakaki bisa doki mai fukafukai, alamar ɗaukaka. A ƙarshen ginin ta gabas akwai wata babbar ƙofa da hanyar gari ke bi ta cikinta, ana kiranta ƙofar Saint-Denis. Fuskar wani sashe ce da aka fara ba a gama ba, domin yarima ya rasu a 1740, aiki ya tsaya, Aubert ma ya bi shi a shekara mai zuwa. Magadansa sun ci gaba da alfahari da wurin, har sukan shimfiɗa wa manyan baƙi liyafa a ƙarƙashin ƙubba, dawaki na kallo. Cikin waɗanda suka ziyarci Chantilly har da yarima mai jiran gadon Rasha, wanda daga baya ya zama Sarki Paul na 1, a 1782.

Bargar Ingila da turken Hausa

Manyan Ingila ma sun shiga wannan gasa, amma da tsari dabam. Su sun fi son barga mai kusurwa huɗu da ta kewaye tsakar gida, da babbar ƙofa ɗaya, da hasumiyar agogo a samanta. Misali sananne shi ne na gidan Chatsworth a yankin Derbyshire, wanda James Paine ya fara ginawa a 1758, mai ɗaukar dawaki wajen 80. Tsakar gidan tana tare iska mai sanyi, tana ba da wurin wanke karusa da ɗaura sirdi, ƙofa ɗaya kuma tana sauƙaƙa tsaro. Agogon nan kuwa shi ke yi wa dukan ma'aikatan gidan da na gandu lokaci, a zamanin da talaka ba ya da agogon kansa. Bafaranshe ya shimfiɗa bargarsa a tsaye don a gani daga nesa, Baturen Ingila ya naɗe tasa don aiki ya yi sauƙi, amma matsalolin da suke warwarewa iri ɗaya ne: sanyi, da danshi, da dogon hunturu wanda doki ke shafe watanni a rufe.

Wannan shi ke bayyana abin da ya sa ƙasar Hausa, duk da tsananin son doki, ba ta bi wannan hanya ba. A nan abin tsoro shi ne zafin rana da ƙudaje da sauro, rufaffen ɗaki kuwa cutar da doki zai yi. Saboda haka bargar Bahaushe fili ne a cikin gida, da turke, da rumfar zana ko inuwar itace, da yashi mai tsabta a ƙasa, da komi, da harawa a jibge a sama inda awaki ba za su kai ba, da hayaƙi da dare in damina ta yi. Dukiyar da basaraken Faransa ya zuba a dutse, basaraken Hausa a jikin dokin ya zuba ta: sirdi da jalala da linzami da likkafa da lifidi, da gero da dusa da kanwa. Wanda ya ga hawan salla a Damagaram ko Maraɗi ko Tsibiri ya ga bargar sarki ta fito tana tafiya da ƙafafunta. Kowane tsari ya dace da ƙasarsa, sai dai ba su bar wa baya abu iri ɗaya ba. Dutse yana jiran mai bincike shekara ɗari uku. Turke kuwa in aka tuge shi aka yi shago ko garejin mota a gurbinsa, sai dai a nemi labarinsa a bakin tsofaffi da makaɗan fada.

Ranar da duniya ta juya

A watan Yuli 1789, kwanaki kaɗan bayan jama'ar Faris sun fasa kurkukun Bastille, ɗan Louis-Henri, watau Yarima Louis-Joseph, ya tsere daga Faransa, daga baya ya tara runduna a ƙetare don yaƙar juyin juya hali. Hukuma ta ƙwace Chantilly, aka kwashe kayan cikinta, aka mai da fadar kurkuku a 1793. A 1799 aka sayar da ita ga ƴan kasuwa masu sana'ar rushe gidajen sarauta, suka warware babbar fadar suka sayar da dutse da darma da katako, sai harsashi ya rage. Ƙaramar fadar Montmorency kuwa ta tsira.

Bargar ba ta fi fadar farin jini a wurin masu juyi ba. Ita ma alamar sarauta ce, wataƙila ma ta fi ba da haushi, tun da dabbobi aka yi wa abin da talaka bai taɓa mafarkinsa ba. An sauke mutum-mutumin da ke kan ƙubba an narke shi. Amma ginin kansa ba a taɓa shi ba, saboda sabuwar jamhuriya tana yaƙi da sarakunan Turai, yaƙin wannan zamani kuwa a bayan doki ake yinsa. Wurin da zai ɗauki ɗaruruwan dawaki, da ruwa a ciki, da iska mai kyau, da rufin da ba ya cin wuta, da ɗakunan kwana a sama, ba abin rushewa ba ne ga mai runduna. Sojan doki suka tare a ciki, ta zama bariki. A zamanin Napoléon ma haka ta ci gaba, har rundunar mahaya ƴan ƙasar Folan da ke cikin dogaransa ta yi zama a Chantilly. Ɗakunan da aka shafe da ruwan zinariya ba su da abin da za su yi wa sabon mai mulki, komin dawaki kuwa bai san bambancin dokin yarima da na soja ba.

Ba Chantilly kaɗai ta ga haka ba. A Ingila, inda ba a yi juyin juya hali irin na Faransa ba, haraji da tsadar ma'aikata da yaƙe-yaƙe biyu na duniya su suka rushe ɗaruruwan manyan gidajen karkara a ƙarni na 20, kuma sau da yawa barga ce ke saura. Gidan Clumber a yankin Nottinghamshire an rushe shi a 1938, bargarsa na nan tsaye. Ginin da aka yi da ƙarfi, aka tsara shi a sauƙaƙe, yana karɓar sabon aiki: gareji, ko ɗakin cin abinci, ko shaguna, kamar yadda ta Chatsworth ta koma bayan mota ta kori karusa.

Abin da ya biyo baya

Zuriyar Condé ta dawo bayan faɗuwar Napoléon, amma ba ta daɗe ba. Na ƙarshensu ya mutu a 1830 ba magaji, ya bar dukiyarsa ga wani yaro ɗan shekara 8, Henri d'Orléans, wanda aka fi sani da Duc d'Aumale, ɗan Sarki Louis-Philippe. Wannan shi ne hafsan da ya kama sansanin Amir Abdulƙadir a Aljeriya a 1843, don haka sunansa yana da wani ɗanɗano dabam a wannan gefe na Bahar Rum. Bayan doguwar gudun hijira a Ingila ya dawo ya sa magini Honoré Daumet ya sake tayar da babbar fada a kan tsohon harsashi, daga 1875. Da yake ƴaƴansa sun riga shi mutuwa, ya ba cibiyar masana ta Institut de France gidan da duk abin da ke cikinsa, ya rasu a 1897, aka buɗe wa jama'a a 1898.

Ita kuwa bargar doki bai taɓa barinta na dogon lokaci ba. A 1834 aka fara sukuwa a filin da ke gabanta, a 1836 aka kafa gasar Prix du Jockey Club, a 1843 aka ƙara ta Prix de Diane, dukansu har yau ana yinsu, dogon ginin Aubert na tsaye a bayan masu tsere. Garin da kewayensa suka zama babbar cibiyar horar da dawakin sukuwa ta Faransa, mai dawaki fiye da 2,000. A 1982 wani gwanin hawa mai suna Yves Bienaimé ya buɗe gidan tarihin doki a cikin bargar, da dawaki masu rai da ake wasa da su a ƙarƙashin ƙubba, a 1989 kuma aka mayar da kwafin mai busa kakaki a samanta. A 2005 Aga Khan na 4, shugaban Isma'ilawa kuma mashahurin mai dawaki, wanda ya rasu a 2025, ya kafa gidauniya don gyaran Chantilly, aka sabunta gidan tarihin aka sake buɗe shi a 2013.

Mai duban wannan gini yana da abu biyu da ya kamata ya riƙe tare, kada ɗaya ya rufe masa ɗaya. Na farko, an tayar da shi ne da ribar wata kasuwa da ta talauta dubbai kuma take da hannu a cinikin ƴan Adam, a shekarun da burodi ya gagari talakan Faris. Na biyu, maginin da aka ba aikin ya san doki, ya kuma yi masa adalci: ya ba shi iska da haske da ruwa da busasshen wurin tsayawa. Girman kan yarima ne ya biya kuɗin dutsen, amma sanin Aubert ne ya hana a sayar da shi a 1799. Duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya: sarautar Condé ta ƙare, sarautar connétable an soke ta tun 1627, sai sunanta da ya rage a kan babbar hanyar garin, wadda ke bi ta ƙarƙashin ƙofar da ba a gama ba. A cikin bargar kuwa, kowace safiya, har yanzu akwai mai zuwa da tsintsiya da bokitin ruwa kafin baƙi su iso.